Fizik da Rashanci a wuri ɗaya, da kuɗin ɗan tela: ina zan nufa?

Ɗan Tela (Mokoyo) ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin manya da ƴan uwa, kuma ina roƙo, wanda ya gani da idonsa ya ce ya gani, wanda ji ya yi ya ce ji ya yi, don kaina ya riga ya cika da labarin "an ce".

Bara na samu bak seri C. Yanzu ina shekarar farko a sashen fizik na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, nan Maraɗi. Karatu na tafiya, ba ƙorafi na zo yi ba. Tsohon ciwo ne ya kawo ni. Kawuna, Allah ya jiƙan shi, yana cikin waɗanda suka je Tarayyar Sobiyet karatu zamanin Kunce, injinan noma ya karanto. Da ya rasu aka raba kayansa, babu wanda ya kalli wani akwatin ƙarfe cike da littattafai, sai aka turo shi ɗakin innarmu aka ɗora masa kwanuka. Lokacin ina ajin ƙarshe na CEG. Ranar da na buɗe shi, gara ta riga ta cinye kusurwa guda. Yawancin littattafan na kamfanin Mir ne na Mosko, waɗanda ake fassarawa da Faransanci, amma akwai uku da Rashanci zalla. Ɗaya daga ciki, na makanik, kawu yana da shi da harsunan biyu. Sai na riƙa shimfiɗa su gefe da gefe bisa tabarma. Lissafi iri ɗaya, zane iri ɗaya, rubutu kaɗai ya bambanta. Da haka na tsinci haruffan nan 33 ɗaya bayan ɗaya. Kalmar farko da na karanta da kaina ita ce "energiya", na yi ta dariya ni kaɗai har innarmu ta leƙo ta ga ko lafiya.

Tun daga ranar abu biyun suka manne a raina. Fizik nake so in yi har ƙarshe, kuma Rashancin ba na gaisuwa da cinikin tumatir nake so ba, so nake in karanta littattafan kawu kamar yadda nake karanta Faransanci.

Ga inda gizo ke saƙa. Babanmu tela ne. Yayana yana sayen aya yana kai wa ƴan Najeriya, shi ya ce zai iya ware mini jika 700 a shekara in damina ta yi kyau, in ba ta yi ba kuma sai abin da Allah ya hore. Ni kuma ina koya wa ƴaƴan wani alhaji lissafi a gida, jika 25 a wata. Iyakar ƙarfinmu ke nan.

To wace jami'a ce ke da fizik mai ƙarfi, a kuma koyi Rashanci na gaske, da kuɗin da bai wuce wannan ba? Dole sai Rasha, ko akwai nan kusa a Afirka? Sannan akwai wani mai siber da ya ce in kawo jika 400 ya samo mini gurbi da biza cikin wata biyu. Yayana har ya fara lissafin buhunan da zai sayar. In ba shi?

Tsohon Tomsk ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Labarin akwatin nan ya sa ni murmushi, don irin waɗannan littattafan ne suka ja ni nima. Shekara biyar na yi a Tomsk, yanzu ina nan Ali Ɗan Sofo ina haɗa wa mutane sola. Abin da zan faɗa maka gani ne.

Bari in fara gyara maka tambayar. Ka ɗauki fizik da Rashanci kamar taura biyu da za ka tauna lokaci guda. A Rasha ba haka abin yake ba. Can yaren shi ne zauren gidan, ba ka isa ɗakin fizik sai ka ratsa ta cikinsa. Baƙon da bai iya yaren ba, ana fara ajiye shi shekara guda a wani sashe da suke kira podfak. Watannin farko yare ne tsantsa. Daga baya a shigo da lissafi da fizik da shimi cikin Rashanci, abubuwan da ka riga ka sani tun lise, don kunnenka ya saba da sunayensu. Ƙarshen shekara a yi jarrabawa, ana son ka kai matakin B1, wato tsaka-tsakin iya yare. Sai shekara huɗu na digirin farko, kowane darasi da Rashanci, ajin yare na baƙi kuma yana ci gaba a gefe. Wanda ya fito daga wannan turmi bai iya Rashanci ba, shi ya ƙi. Don haka ka zaɓi makaranta saboda fizik ɗinta da arahar garin, yare zai iske ka har cikin bargo. In ka ga tsarin da aka ce ana koyarwa da Ingilishi, ka kauce masa. Na san waɗanda suka bi ta nan, shekara huɗu ba su wuce sayen burodi ba.

Sunayen da kowa zai fara kira maka uku ne: jami'ar Lomonosov ta Mosko, da cibiyar fizik da fasaha ta MFTI da ke Dolgoprudny a arewacin Mosko, da MIFI mai harkar nukiliya. Babu gardama, manya ne. Geim da Novoselov da suka ci Nobel a 2010 duka ƴan MFTI ne. Amma can za ka zauna aji ɗaya da yaran da tun suna ƙanana suke gasar lissafi ta ƙasa, cikin yaren uwarsu, kai kuwa kana fassara a kai. Ga tsadar Mosko, jika 700 ɗinka ba za ta ga ƙarshen sanyi ba. Jami'ar RUDN mai sunan Lumumba, wadda aka buɗe a 1960, ta iya karɓar baƙi ƙwarai kuma ƴan Afirka sun cika ta, sai dai ita ma Mosko ce, kuma ba fizik ne ya yi mata suna ba.

Ni da zan sake, gabas zan duba. Novosibirsk tana da wata unguwa cikin daji, Akademgorodok, cibiyoyin bincike ne jere, jami'ar da aka buɗe a 1959 tana tsakiyarsu. Masu koyarwa da yawa ma'aikatan cibiyoyin ne, irin cibiyar Budker ta nukiliya, kuma ɗalibi na fara shiga labo na gaske tun bai gama digirin farko ba. Tomsk garin ɗalibai ne, jami'ar gwamnati tun 1878, ta fasaha tun 1896, haya da abinci da sauƙi, kuma da ƙafa kake zuwa kusan ko'ina. Sai Kazan, jami'arta tun 1804, can Zavoisky ya gano abin da ake kira EPR a 1944, kuma har yau sun riƙe wannan fanni na maganaɗisu. Sanyi dai babu wasa. A Tomsk na ga ranar da ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri da 40, gashin hancinka na daskarewa kafin ka kai bakin titi. Ɗan Maraɗin da ya saba da 43 na watan Afrilu, ka yi lissafin tazarar da kanka, kai ne ɗan seri C.

Batun kuɗi, hanya ɗaya ce ta dace da aljihunka: kwota, wato guraben da gwamnatin Rasha ke ware wa baƙi kyauta duk shekara. Ana cikawa a shafin education-in-russia.com, kuma cikawar ba a biyan ko dala. Kana jera jami'o'i har shida bisa yadda ka fi so, kada Mosko ta wuce biyu, Sen Fitasbag ma haka. In an ɗauke ka, kuɗin karatu da na podfak sun faɗi, kana da gado a gidan ɗalibai da ɗan kuɗi kaɗan, ana kuma ba ka alawus na wata. Kada ka dogara da alawus ɗin, nawa bai taɓa kai ni tsakiyar wata ba. Tikitin jirgi naka, inshorar lafiya taka, abinci naka, rigar sanyi da takalmi naka. Tun 2020 an yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki ba tare da neman izini na daban ba, amma ɗan fizik na shekarar farko da ya ce zai yi aikin dare, ba zai ga shekara ta biyu ba.

Abin da babu wanda ya gaya mini kafin in tafi shi ne jarrabawar baki. Ka shiga ɗaki, katuna na kife bisa tebur, ka zari ɗaya, a ba ka lokaci ka shirya, sannan ka zauna gaban malami ka yi bayani ido da ido. Maki daga 2 zuwa 5, 2 faɗuwa ce. Zangon farko na rubuta lissafina daidai, ban kuskure ko alama ɗaya ba. Dattijon ya duba ya ce, to me ya sa haka? Amsar tana kaina da Faransanci, har da Hausa ma, amma bakina ya ƙi. Da ƙyar na tsira da 3. Laifina ne, ɗakinmu ni da ɗan Mali da ɗan Gine, Faransanci muke sha dare da rana. Bayan hutu na roƙi a mayar da ni ɗakin wani yaro ɗan Kazakistan da bai san "bonjur" ba. Wata uku na fara mafarki da Rashanci.

Yaren kansa kada ya tsorata ka. Wahalarsa ita ce kalma ɗaya na canza wutsiya har kala shida bisa aikinta a jimla. Amma Bahaushe na da ribar da Bafaranshe ba shi da ita. Ƴan ajinmu sun sha wuya da kalmomin tafiya, ni kuwa da na gane "uiti" da "priiti" tafi da taho ne, "otnesti" da "prinesti" kai da kawo ne, sai na huta. Kuma "muka" in ka danna gaba azaba ce, in ka danna baya gari ne na tuwo. Wanda ya san bambancin wuyan riga da wuyar duniya ba zai yi mamaki ba.

Mai siber kuwa, ka riƙe kuɗinka.

Mushe Fizik ya amsa:

Ɗana, shekara 22 ke nan ina riƙe da alli a lise, kuma duk shekara sai na ga ɗan seri C mai zafin kai irinka. Abin da Tsohon Tomsk ya faɗa game da makarantun ban da ja. Inda muka rabu shi ne lokacin tafiya.

Ɗauki takarda. In ka tafi bayan wannan shekara, ka zubar da ita ke nan: podfak ɗaya, digirin farko huɗu, shekara biyar ka dawo da abin da bai fi lisansi da yawa ba. In ka zauna: biyu ka ƙare lisansi nan gida kana cin tuwon innarka, podfak ɗaya, mastar biyu. Shekara biyar ɗin dai, amma da mastar a hannu. A hanyar farko yayanka zai ɗauke ka shekara biyar a ƙasar waje, a ta biyu uku. Kuma in ya ajiye jika 700 ɗin nan na shekara biyun da kake gida, miliyan ɗaya da jika 400 ke nan kafin ka taka jirgi. Damina biyar a jere duka su yi kyau, kuma farashin aya ya tsaya, ka tambayi kowane manomi a Gidan Runji ko Agye ko ya taɓa ganin haka. Yaron da kuɗi suka yanke masa a shekara ta uku ta digirin farko ya dawo hannu rabbana. Mai lisansi ko me ya faru yana da abin riƙewa.

Ka san wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Abdu Mumuni Diyoffo ɗan jiharmu ne, a Tasawa aka haife shi a 1929. Sai da ya ci agregasiyon ta fizik, babbar jarrabawar malanta, a Faransa a 1956, sannan a farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya zurfafa kan makamashin rana. Ya je ne ya san abin da ya je ɗaukowa, shi ya sa da ya dawo ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, aka ga aiki. Kai yanzu in an ce fizik ɗin me kake so, nukiliya ko hasken rana ko na asibiti, za ka iya amsawa? A shekarar farko babu mai iyawa.

Ga mai neman mastar ƙofofin ma sun fi yawa. Ban da kwota akwai gasar Open Doors da jami'o'in Rasha ke shiryawa ta intanet, wanda ya ci karatu kyauta ne. Ka riƙa bibiyar sanarwar hukumar ANAB ta nan gida kan bursin ƙasashen waje. Akwai kuma cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashe irin namu shekara guda ta biya masu komai. Wannan da Ingilishi ne, kuma ga inda zan ja kunnenka. Rashanci abin so ne, ban hana ka ba, amma yau sabon binciken fizik da Ingilishi ake buga shi, manyan mujallun Rasha kansu ana fassara su zuwa Ingilishi. Kada son littattafan kawunka ya sa ka bar wannan.

Abu ɗaya ka tabbatar tun yanzu. Lisansinmu shekara uku ce, digirinsu na farko huɗu. Ka rubuta wa ofishin baƙi na duk jami'ar da kake so, ka tambaya ko suna karɓar lisansi ta shekara uku don shiga mastar, su ba ka amsa a rubuce. In sun ce a'a, sai ka ƙara shekarar farko ta mastar a Yamai. Haka kuma ka tambayi yadda takardarsu za ta samu daidaito nan gida in ka dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Madarunfa ya amsa:

Kan tambayarka ta ko akwai a kusa. Ni a Najeriya na yi karatu. Jami'ar Ibadan da ta Legas duka suna koyar da Rashanci har digiri, kuma duka suna da sashen fizik daɗaɗɗe. Legon ta Gana ma na da Rashanci, haka jami'ar Shehu Anta Jop ta Dakar, ita ma da Faransanci ake karatu. Matsalar ita ce yaren yana tsangayar adabi, fizik yana ta kimiyya, kuma gurbi ɗaya ake ba mutum. Iyaka ka riƙa laɓewa bayan aji in malamin mai kirki ne, lokacin ma ya ci karo da na labo. Ka fita waje ka ji Yarbanci ko Wolof, babu wanda za ka gwada yaren da shi. Ga Ingilishi da sai ka fara gyarawa, ga yajin aiki, na 2022 wata takwas muka yi a gida. In don wannan ne gara ka zauna Maraɗi ka koya ta waya.

Hajiya ta Sabon Gari ta amsa:

Ɗana, ni ban san fizik ba, atamfa nake sayarwa. Amma ɗana na fari yana Kazan shekara ta huɗu yana karatun likita, kuma duk abin da malaman nan ba su faɗa ba ni na sha shi.

Mai siber ɗin nan, ko ba shi ba ne ɗan uwansa ne. Mu ma wani ya karɓi jika 350 wurin maigidana, ya kawo mana takarda mai hatimi har da tuta. Ashe gurbin biya ne a wata makaranta da ba mu taɓa jin sunanta ba, kuma na shekarar yare kaɗai. Da muka gano, wayarsa ta daina shiga. Shekara ta zagayo yaron ya cika da kansa a wayarsa, aka kira shi, aka ɗauke shi, ba mu ba kowa ko ficika ba. Ka gaya wa yayanka ya bar buhunansa a sito.

Aika kuɗi shi ne ciwon kaina har yau. Tun watan Maris na 2022 katin Visa da Mastercard na waje ba ya aiki can, Western Union ma ta janye. Sai dai ka ba wani nan, wani ya ba yaron can, kuma kowane hannu sai ya lasa. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako uku. Don haka kada ka tafi sai da abin da zai riƙe ka wata huɗu ko biyar a jikinka. Shekarar farko ita ce mai cin kuɗi: motar Yamai da zaman Yamai wurin faspo, fassara takardu zuwa Rashanci da buga masu hatimi, gwajin jini, jirgi ta Istanbul, sannan da ka sauka inshora da gwajin asibiti da ɗaukar zanen yatsu. Rigar sanyi kada ka saya a gwanjon nan, na yi wannan wautar. Na zaɓo masa mai kauri har ina alfahari, ya ce mini Inna wannan ta lokacin kaka ce. Can ya sayi wata.

Dalilin da ya sa hankalina ke kwance da Kazan, garin Tatar ne, musulmi da yawa. Masallatai ko'ina, nama na halal a kasuwa ba sai an yi cigiya ba. Ya turo mini hoton masallacin Kul Sharif ranar idi, na nuna wa duk layinmu. Azumi yanzu ya faɗo lokacin sanyi, da sauƙi. Ya ce waɗanda suka yi shi a watan Yuni sun kai awa 19 ba su sha ruwa ba.

Wannan kuma ji na yi a rediyo, ban gani ba, amma na ji ba sau ɗaya ba: samari da ƴan mata na Afirka da aka kwasa da sunan aiki da karatu, wasu suka tsinci kansu a masana'antar kayan yaƙi, wasu a fagen daga. Na sa ɗana ya rantse mini ba zai sa hannu a takardar da bai karanta ya gane ba, kuma faspo ɗinsa ba ya kwana hannun kowa. Kai ma innarka ta sa ka.

Mai Shago Bakin Tasha ya amsa:

Ni dai tambaya ɗaya. In ka gama duk wannan, fizik ɗin me za ka ci da shi? Shi kansa mai ba ka shawarar ya ce sola yake haɗawa, yaron shagona bai je Tomsk ba yana haɗawa. Ka yi likita kamar ɗan Hajiya, ko ka bi yayanka kasuwa.

Tsohon Tomsk ya sake amsawa:

Alhaji mai shago, yaronka na haɗawa, in batir ya ƙone wata shida ni ake kira in faɗi dalili. Kuma ba sola kaɗai ba ce. Ƙasar da ke haƙo uraniyom a Arlit tana buƙatar masu auna tururin da ke cutar da mutane. Akwai hukumar HANEA ta makamashin nukiliya, akwai cibiyar radiyo-izotop a jami'ar Yamai, kuma injin gasa ciwon daji ba ya aiki sai da ɗan fizik a gefen likita yana lissafa abin da za a ba majinyaci. Ban ce kuɗi ne kamar na kasuwa ba.

Mushe, lissafinka na kuɗi ya fi nawa, na sallama. Inda ban sallama ba, abin da ya sa fizik ɗin Rasha ya yi suna a shekara biyun farko ake dasa shi: lissafi mai zurfi, da zaman warware matsaloli inda malami zai tsayar da kai gaban allo har sai ka gane. Wanda ya zo mastar ya tarar an gama wannan, kuma shekara uku kaɗai zai yi cikin yaren, ta ƙarshe ma rubutu ce a ɗaki. Yaron nan ya ce yaren yake so kamar yadda yake son fizik ɗin. Amma akwai tsaka-tsaki. Tunda cikawa kyauta ce, ya cika bana yana ci gaba da karatunsa. In ta fito Novosibirsk ko Tomsk ko Kazan, a zauna da yayan a yi lissafi. In ba ta fito ba bai rasa komai ba, ya ma koyi yadda ake haɗa dosiye.

Na manta ban ambaci Minsk da Almaty ba. Jami'ar gwamnatin Belarus da ta Al-Farabi a Kazakistan duka suna koyar da fizik da Rashanci. Sai dai yawanci baƙo biya yake yi, shi ya sa ban sa su gaba ba.

Ɗan Tela (Mokoyo) ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na karanta wa yayana duka a shagon Baba. Da aka zo wurin jika 350 na Hajiya sai ya yi shiru, Baba kuwa ya tsayar da keke ya ce a maimaita masa. Maganar mai siber ta mutu.

Mushe, na ɗauki takardar na yi lissafin, kuma gaskiya tambayarka ta fizik ɗin me ta kama ni, ba ni da amsa. Yaya Tsohon Tomsk, zan cika bana kamar yadda ka ce, Novosibirsk a sama, sai Kazan, sai Tomsk, Mosko ba za ta shiga ba. Baba ya fi karkata ga maganar Mushe, innarmu kuwa tunda ta ji akwai masallaci a Kazan ta daina cewa komai. In ka yarda ina so in riƙa zuwa wurinka ranar Lahadi da littafin makanik ɗin nan, in karanta da ƙarfi kana gyara mini baki, ni kuma in riƙe maka tsani in kana da aiki.

Sai wata sabuwa da na gano da na fito da takarduna. A takardar haihuwata an rubuta sunan Baba da "ou" a ƙarshe, a takardar bak babu. Faspo ban yi ba tukuna. Wannan zai kawo matsala?

Hajiya ta Sabon Gari ta amsa:

Zai kawo, ɗana. Harafi ɗaya ya riƙe mu wata biyu. Kada ka yi faspo sai ka gyara, kuma ta haihuwar ce uwa, sauran ake daidaitawa da ita. Gobe da safe ka ɗauki duka biyun da katin babanka, ka fara zuwa ofishin magajin gari su gaya maka inda za ka nufa. Ka tafi da kwafi uku-uku, kuma ka karya kumallo kafin ka fita.